Na'urar Baba Sito

Shekara ashirin da uku Baba Sito ya yi yana buɗe ƙofar ƙarfe guda ɗaya. Siton na wani kamfanin kayan gini ne, can bayan gari inda kwalta ta ƙare: bututun roba jibge har rufi, gwangwanayen fenti, buhunan siminti, da wani benci da ya lotsa daidai bayansa. Mota takan zo Litinin da Alhamis. Sauran kwanakin daga shi sai ƙadangaru, kuma wallahi bai taɓa kuka da hakan ba, don mutum ne da ko atishawa ba ya son a ji ya yi.

Yana da dalilinsa. Shekara shida ke nan likita ya ce masa ciwon sukari ne, kuma Maman yara kaɗai ta sani. Maganin yana ɓoye cikin tsohon gwangwanin fenti, saboda ya ga yadda aka yi da direban da aka samu da hawan jini: takarda mai daɗin baki, sai "Allah ya huta gajiya". Shi kuwa saura shekara biyu fanshonsa ya cika, ga autarsa tana tsakiyar karatun jinya. Tsoron sallama ya fi masa tsoron ciwon, haka yake faɗa wa matar ƙiri-ƙiri.

Ana nan sai kamfani ya tuna yana ƙaunar ma'aikatansa. Jami'ar lafiya ta zo da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, mai jan maɓalli, ta rataya masa a wuya.

"Baba, in ka ji jiri, ka danna nan. In ma ka kasa, da ka yi minti goma ba motsi ita da kanta za ta kira ofis."

"To, 'yar nan, in barci ne ya ɗauke ni fa?"

"Ai ba a barci a bakin aiki, Baba."

"Haka ne, haka ne," in ji shi, yana satar kallon bencinsa.

Har ta kai mota ta waiwayo. Duk wanda na'urarsa ta kira sau uku, sai ya je wurin likitan kamfani a yi masa gwajin jini da na fitsari. Don alherinsa, in ji ta.

Makon farko 'yar banzar nan ta kira sau biyu, ɗaya yana gyangyaɗi bayan azahar, ɗaya yana sauraron rediyo. "Ras nake!" yake ce wa 'yan ofis a waya, gumi na keto masa. Saura ɗaya. Dattijo ya koma zirga-zirga cikin sito ba gaira ba dalili, ko abinci a tsaye yake ci yana rausaya. Ran nan, ƙafa ta gaji, sai idonsa ya sauka kan tsohuwar fankar tebur, tana juya kai hagu da dama abinta. Ya ce, "Yauwa!" Ya cire na'urar ya rataya mata.

Wata biyar ya sha barcinsa lafiya lau; in an ɗauke wuta sai ya mayar da ita wuya ya koma zirga-zirga. A ofis kuwa kwamfuta ta nuna babu ma'aikacin da ya kai shi motsi. Manaja ya riƙa goranta wa sauran a taro: ku dubi dattijon nan, tun safe har yamma ba ya zama!

Wata Laraba ya makara, ya sha magani ya fito bai karya ba. Wajen sha ɗaya yana gyara buhuna sai jikinsa ya ɗauki rawa, sukarinsa ya sauka, ya zube tsakanin siminti. Yana ganin jan maɓallin, taku huɗu kacal, yana tafiya hagu yana dawowa dama, yana shaida wa ofis cewa Baba Sito na nan garau. Ya ja jiki, jikin ya ƙi. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya kira sunan autarsa, amma muryar ba ta wuce buhun da ke gabansa ba.

Sai aka ɗauke wuta. Masu wutar lantarkin nan da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Allah ya isa, su suka tsayar da fankar. Bayan minti goma na'ura ta yi kiranta na uku.

Direban da ya kawo jami'ar lafiya shi ya fara shiga, mutumin kirki ne, ya cire na'urar daga fanka ya mayar masa a wuya kafin jami'ar ta ƙaraso. Likita ya ce da an ƙara rabin awa da sai dai gawa. Kamfani ya buga hotonsa yana murmushi, aka manna a kowane reshe da rubutu a ƙasa: "Ta ceci raina." Takardar sallama ta same shi a gida, da rabin fansho. Maman yara ta yi kuka ta gode Allah. 

Bayan wata guda wanda ya gaje shi ya zo gaisuwa, wani magidanci mai furfura a gemu. Ya zauna a tabarma yana ja wa ƙafafunsa wando, amma Baba Sito ya riga ya ga kumburin. Da matar ta shiga ciki sai baƙon ya sassauta murya.

"Yaya, don Allah ya kake yi da abin nan? Sau biyu ke nan ta kira."

 Baba Sito ya buɗe baki zai ce ya je asibiti, ya fasa.

"Yara nawa gare ka?"

"Bakwai."

"Akwai fanka a kan tebur," in ji shi a hankali. "Sai dai ka riƙa addu'a kada wutar unguwar ta gyaru."