Azumin da Mma ta ɗora wa kanta

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, man kaɗe take sayarwa a Aboabo tun Turawa na mulkin Tamale. Bayan ta haifi autanmu sai fitsari ya daina yi mata biyayya. Ta yi tari, ya zubo. Ta ɗaga ƙwaryar mai, ya zubo. Ni ce babbar 'yarta, ni kaɗai na sani, don tare muke wanke tsummokaran da take naɗewa ƙarƙashin zane, mu shanya a bayan ɗaki. Na ce mu je asibiti, ta ce ba za ta tsaya gaban ƙaton tafinta yana juya wa Bature wannan magana ba.

Dabarar da ta samo ita ce ta daina shan ruwa in tana waje. To amma a garinmu ba a gaisawa da baƙo sai ya sha ruwa, wanda ya ƙi kuwa akwai wani abu a ransa. Sai Mma ta riƙa cewa, "Ina azumi." Da yake ba ta iya ƙarya ba, sai ta riƙa ɗaukar azumin da gaske. Kafin ka ce me, unguwa ta mai da ita waliyyiya, ana kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a. Haushi ya cika ni. Leɓenta duk ya tsage a tsakiyar bazara, dariyarta ta ɗauke, mutane kuma sai yabo suke yi.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba: ƙawarta ta unguwar Kanvili, Badagombiya, wadda ke dafa man da Mma ke sarowa tun ba a haife ni ba. Mijin ƙawar bai cika salla ba, yana da tukunyar tsafin kakanninsa a tsakar gida. Da Mma ta yi ta mayar mata da ƙwaryar ruwa, sai ta ɗauka ƙyamar gidanta ake yi. Ta aiko cewa Mma ta huta da zuwa, za a riƙa kawo mata man har gida.

Wannan saƙo ya fi ciwon cin Mma. Washegari ta ce in raka ta gidan ƙawar, ranar kuma ba ta ɗauki azumi ba.

Ƙawar ta tarbe mu ba fara'a, amma ta damo ruwan garin gero ta miƙo, don al'ada ba ta fushi. Mma ta kafa kai ta shanye tas. Suka yi gaisuwa a daddafe. Can sai tari ya kama Mma. Ta miƙe a hankali, ta juya mata baya, ta nuna zanenta da kujerar da ta tashi a kai.

"Ga azumina, ƙawa," in ji ta. Ni dai ji na yi kamar in nutse, don tausayinta.

Ƙawar ta daɗe tana kallon kujerar. Da Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji ta ce, "Shi ke nan? Ni na ce kai ya ga ni da datti. Na yi kuka sosai."

"Ni ce mai dattin."

"Rufe baki. Ƙasan gidan nan ya sha na yara, ya sha na awaki. Naka ne zai ƙi?"

Mma ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, abin kuwa ya sake zubowa, ba wadda ta dubi ƙasa. Ba ta warke ba har ta bar duniya, kuma a sauran gidaje ta ci gaba da azuminta. Amma ranar ƙawar ta sake cika ƙwarya, ta riƙe mata gindin ƙwaryar da hannu biyu, ba ta saki ba sai da Mma ta shanye.