Farar Saniya a Kogin Rhine

Ni ba na son dogon surutu, kuma wanda zai ce ƙarya nake yi ya wuce abinsa, ban roƙe shi ya karanta ba. Wallahi tallahi a gaban idona abin nan ya faru, shekarun baya, lokacin da na bar Kaura Namoda na bi mijina Turai.

Shi ɗan Birnin Tsaba ne ta ƙasar Zurmi, gidansu makiyaya ne, amma ya daɗe a can yana aiki a wani jirgin ruwa mai dakon tsakuwa a kogin Rhine, tsakanin Faransa da Jamus. Da na je sai kyaftin ɗin, wani tsohon Bature, ya ɗauke ni girki. To akwai wani wuri da manyan jirage ba sa bin kogin kansa, Turawan sun haƙa wata miƙaƙƙiyar hanyar ruwa a gefensa, sun shafe gaɓarta da siminti, sun janye ruwan kogin zuwa ciki. Simintin nan gangare ne, ga gansakuka, santsi kamar miyar kuɓewa, duk dabbar da ta faɗa ba ta fita. Mun sha wuce barewa ta kumbura tana yawo a kan ruwa, mijina kuwa sai ya yi tsaki ya ce an bar nama ya zama mushe. Haka aka rene shi, dabba in za ta mutu a sa mata wuƙa.

Ran nan rana tsaka ina feraye dankali a bayan jirgi sai na ji kukan saniya. Na leƙa. Jama'a, fara ce sol, ga tozo ga dogayen ƙaho, irin tamu ta gida, alhali shanun can ba su da tozo. Jirgi na tafiya da inji, ita tana iyo, kuma ba mu tsere mata ba.

Mijina ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ke, dubi kunnenta. Yankan gidanmu na." Wato shaidar da suke yi wa shanunsu, kuma da daminar da ta wuce kafin nan ne ɓarayin daji suka kore garken babansa kaf.

Na ce, "Malam, kana cikin hankalinka kuwa? Saniyar Zurmi jirgin sama ta hau?"

Ya ce, "Ruwa na shiga hancinta, mutuwa za ta yi. Miƙo wuƙar ga."

"Ba na ba ka. Ta mutu mana, uwar wani ce?"

Bai ko dube ni ba. Ya yi mata irin kiran da makiyaya ke yi, wallahi ta juyo ta amsa. Sai kawai ya murɗe min hannu ya ƙwace wuƙar, abin da bai taɓa yi min ba, ya kama tsanin ƙarfe na jikin jirgi ya fara sauka. Kyaftin yana ta ihu ta lasifika wai me yake nema, ni ina nuna masa saniyar da hannu biyu, shi yana cewa ba ya ganin komai sai ruwa.

Na ga lokacin da ya kama ƙahonta, na ji bisimillarsa. Ita kuwa ta ɗago ido ta dube ni, ni ɗin nan, sannan ta nutse da shi a hankali. Babu jini, babu ko kumfa. Innalillahi! Jirgi mai kaya ba ya tsayawa kamar mota, kafin mu tsaya wurin ya yi nisa.

An tsinci gawarsa can gaba, a ragar ƙarfen da ke tare shara kafin tashar lantarki, wuƙar tana hannunsa har sai da aka ɓanɓare. Saniya kuwa 'yan sanda sun duba ko'ina, babu ita, babu mai cigiyarta.

Na dawo gida takaba. Da na je gaida surukina na ba shi labari tsaf, ina jira ya ce na haukace. Tsohon nan bai yi mamaki ba ko kaɗan. Sai ya ce, "Ɗiyata, ya samu ya yanka ta?"

Na ce a'a, Baba.

Ya ce, "To tana nan ke nan."

Ban tambaye shi ma'ana ba, kuma ba zan tambaya ba. Ku dai in kuka ga abin gida a inda ba shi da hanyar zuwa, ku yi a'uzubillahi ku maida hannunku aljihu, ko da kukansa na tsinka muku zuciya. Ni har yau in mota ta hau gadar kogin Gagere runtse ido nake yi sai mun sauka.