Mushe Attahir da Idon da Na Zaɓa Masa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a tara ga Sha'aban, wato ashirin ga Disamba 1996, Allah ya karɓi ran Mushe Attahir, malamin lakkwal, wato makarantar boko, a nan Tahoua, inda muke ce wa malamin boko Mushe, bayan jinyar kwana shida. Ni Dodo, mai sayar da igiya a kasuwa, a bakin wani mai kura na ji. Babu wanda ya aiko mini. Ban iya boko ba, mai rubuta wasiƙa na bakin fos, wato gidan waya, na zaunar, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Mushe, shekara biyu ban amsa sallamarka ba. Yau kuma ni ke yi maka magana, kai ba ka amsawa.

Tun ina kiwon raƙuma a Tebaram aka san ni da ganin sabon wata. Da na dawo birni, shekara talatin ina hawa tudun yamma da gari a ranar dubawa, in na ce na gani, liman ba ya sake tambayar kowa. A kan tudun nan ka same ni, shekarar da makarantu suka rufe saboda yajin aiki, ka sha zama har ya ishe ka. Ka zo ɗauke da madubin hangen sama da wani Bature abokin aikinka ya bar maka, dogo kamar taɓarya. Mutane suka yi maka dariya, ni ma na yi. Ba ka ji haushi ba. Ka durƙusa ka gaishe ni, ka ce, "Baba Dodo, ni ina da ƙarfe, kai kana da sama. Nuna mini inda zan duba."

Na nuna maka, ba ka samu komai ba. Na ga wata da idona, kai kana ta juya ƙarfenka har watan ya faɗi. Da na leƙa sai na gane ciwon. Ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kai, wanda muke kira idon madubi, ƙarfinsa ya yi yawa. Madubin da kansa dogo ne, ya riga ya jawo abu kusa, idon kuma ya ƙara jawowa, sai mutum ya zama kamar mai leƙen sama ta cikin kara. Ɗan wurin da yake nunawa bai kai tafin hannu ba, ga shi dishi-dishi.

Ka rubuta wa Baturen, bayan wata biyar ya aiko da idanu uku ta hannun wani direba, ya ce ka riƙe ɗaya ka mayar da biyu. Abokanka malamai duk suka ce ka ɗauki mafi ƙarfi, mai lamba goma, wanda ke nuna ramukan jikin wata. Kai kuwa ka kwaso su cikin hula ka kawo rumfata, ka ajiye gaban wanda bai san lamba ba. Da magariba muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na ce maka, wanda raƙuminsa ya ɓace ba ya kafa ido a kan sawu guda, tudu yake hawa ya dubi fili. Na ɗauki mai lamba arba'in, mai faɗin gilashi, wanda ya fi su rauni amma ya fi su fili da haske. A cikinsa wata yana zama gaba ɗayansa, da sama ta kowane gefe. Ka ce, "Shi ke nan, zaɓin Baba ne." Ranar nan na kwana ina jin ni mutum ne.

Ba zan ɓoye alherinka ba. Da ƙafata ta kumbura, kai ka goya ni a babur zuwa likita, ka jira a rana har aka duba ni. Da 'yata ta haihu a Barmu, kai ka rubuta mini wasiƙa, ka ƙara gaisuwar da ban faɗa ba. Ba ka taɓa shan shayi gabana ba ka miƙo mini kofin farko ba.

Sai watan ƙaramar Sallah na shekara biyu da suka wuce. Mutane sun gaji da azumi, an cika tudu, wakilin liman yana tsaye. Na ɗaga hannu na ce ga shi can, sama da itacen aduwa. Aka fara kabbara. Kai ka juya madubin daidai inda yatsana yake, ka daɗe kana dubawa. Wakilin liman ya ce, "Mushe, mi ka gani?" Ka ɗago ka ce, "Babu wata a wurin."

Da tsohon idon nan ne, mai ƙunci, da na ce kuskurensa ka yi, da kowa ya yarda. Amma idon da na zaɓa da hannuna ne, wanda na yi ta yabo a kasuwa cewa ba abin da ke ɓuya masa. Da shi ka kayar da ni. Ba a karɓi shaidata ba. Wani ya ce da ƙarfi, "Tsoho ya ga gashin girarsa." Aka yi dariya, kai ba ka yi ba, amma ba ka hana ba.

Ka biyo ni gida ka ce, "Baba, azumin mutane ne a wuyanmu." Na rufe ƙofa. Washegari watan ya fito siriri, irin na daren farko, na gan shi, ban ce komai ba, yanzu ma ban ce komai ba. Abin da ya tsaya mini, Mushe, me ya hana ka jawo ni gefe ka raɗa mini, in janye maganata da bakina? Taku uku ne tsakaninmu.

Ranar sadakar uku na je, na zauna can baya. Matarka Kadidiya ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta miƙo mini idon madubin nan a ƙunshe cikin tsumma, ta ce, "Baba, ya ce a ba ka. Ya ce naka ne tun farko, madubin ma ka aiko a ɗauka. Tun ranar nan bai sake hawa tudu ba." Ban san haka ba. Ni ma ban sake hawa ba, na zaci kana can kowane wata kana cin sarautar da ka ƙwace. Ashe shekara biyu tudun babu ni babu kai. Wannan ma ka ɓoye mini, ka bar ni ina ƙullatar ka a kan abin da ba ka ci ba, sannan ka tafi ba ka jira na huce ba. Saura kaɗan ne, wallahi.

Ranar ashirin da tara ga wannan wata zan hau. Zan sa idon nan, tunda nawa sun fara gajiya, ka ga na faɗa. Amma ban iya saita ƙarfen ba, kai ne mai saitawa.

Allah ya jiƙan ka, Attahir, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya gafarta maka kurakuranka. Ya ba Kadidiya da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin rashinka. Abin da ke tsakaninmu na yafe, duniya da lahira, kada a tsayar da kai saboda ni. Kai ma ka yafe mini ƙofar da na rufe. Amin.