Kafaɗar Ɗan Dako

Ina jiran layi a ɗakin gashin ƙashi, labulen bai rufu duka ba, don haka ina hango dattijon da ke zaune a bakin gado. Ya tuɓe riga ya ninke ta a cinya. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, fatar wurin ta yi kanta, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ban tambaya ba, amma na san ɗan dako ne, kuma da kafaɗar nan gidansa ke cin abinci.

Ma'aikaciyar ta shafa masa magani, ta ɗauko kan na'ura.

"'Yata, ba allura?"

"Babu, Baba. Na'urar nan sauti take fitarwa wanda kunne ba ya ji. Shi ke girgiza fata ta ɗan buɗe, maganin ya samu hanyar shiga."

Ya yi dariya. "Wannan fatar? Ko ƙusa sai ta yi shawara kafin ta shige ta. Ki dai taimaka, jibi akwai motar siminti."

Tana kai hannu sai ya dafe gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Baba, saki jikinka mana. Ba buhu zan ɗora maka ba."

Ya daɗe kafin ya iya. Na'urar tana zagayawa a hankali, shi kuwa yana satar kallon kafaɗar. Ina jin ya manta rabon da wani ya taɓa wurin nan ba don ya ɗora masa kaya ba.