Agogunan Tsoho Sun Yi Baƙi

Hannun mutumin ne abin da mai gyaran agogo ya fara gani, kafin fuskarsa. A kumbure yake, bayan yatsun ya fashe, jinin bai gama bushewa ba. Ƙato ne, wuyan rigarsa a yage, yana ta huci. Da gani irin mutanen nan ne da hannu ke riga bakinsu magana.

Ya dangwarar da ƙaramin akwati a kan tebur. Agogunan zinare uku ne a ciki, sun dushe, gefensu ya yi baƙi.

"Na mahaifinmu ne," in ji shi. "Shekara tara suna kulle a wurin ƙanena. Duba min, ai jabu ya musanya mana."

Mai gyara ya jawo akwatin gabansa. Ya sa ƙyalle yana goge bayan guda, sai ga zinare tas, har da sunan tsohon a rubuce.

"Malam, danshi ne da daɗewar ajiya. Ba wanda ya taɓa su."

Mutumin ba agogon yake kallo ba, hannunsa yake kallo.

"Haƙoran ƙanena biyu na zubar," ya ce a hankali. "A gaban 'ya'yansa."