Lungun da Makara Ta Maƙale

Na daɗe ina jinkirin rubuta labarin Khala Kaniz, domin har yau ban tabbata ba ko abin da ta yi nasara ce, ko kuwa shaida ce cewa dokar gini a garinmu ta mutu ba a yi mata sallah ba. Na yi shekaru a Turai ina karatun tsara birane. Na dawo Punjab da imanin cewa in mutum ya ci hanya, ƙara ake kaiwa, a zo a auna, a rushe. Yanzu abin da na sani kawai shi ne lungunmu ya ɗan buɗe, kuma ba hukuma ce ta buɗe shi ba.

Khala Kaniz ba ƙanwar uwar kowa ba ce a cikinmu, amma kowa Khala yake ce mata. An kawo ta amarya tun kafin a haife ni, gidan ƙarshe, inda lungun ya toshe. Sana'arta ɗinkin bargon auduga, kuma da wuya ka sami gida a unguwar da bai kwana cikin ɗinkinta ba. Mijinta Siraj gyaran keke yake yi. Ba su haihu ba, ba su tara komai ba, ba a kuma taɓa jin ta a bakin hukuma ba sai bayan rasuwarsa.

A bakin lungun, daidai inda yake karyawa ya fita titi, akwai shagon Haji Riyasat mai kayan amare. Ya je Makka har ya daina ƙirgawa, amma bai taɓa dawowa da niyyar mayar da taku ɗaya na hanyar jama'a ba. Da matakala ya fara. Matakala ta samu rumfa, rumfa ta samu ginshiƙi, aka wayi gari ginshiƙi ya zama ɗakin gilashi, da gumakan talla sanye da jajayen riguna suna kallon masu wucewa. Mu kuma muka koyi tafiya a karkace, muna gaishe shi da ladabi.

Ranar da Siraj ya rasu, makara ta shiga lungun a gicciye, tunda ba kowa a cikinta. Fitowa ce ta gagara. Aka juya, aka ɗaga, aka ja da baya. A ƙarshe sai da aka ciro gawar aka miƙa ta hannu da hannu, kamar naɗaɗɗiyar darduma, a gaban gumakan Haji. Khala tana saman soro tana gani.

Da ta fita takaba ta zo gidanmu, ta ƙi zama.

"Kai ne aka ce ka karanto hanya a Turai?" in ji ta. "To taso ka karanta mini wannan. Ni dai a kwance nake so in fita daga gidana, a kan kafaɗun mutane, ba a miƙa ni kamar kayan wanki ba."

Na rubuta ƙara, na raka ta ofishin hukumar gari. Muka yi ta sintiri daga tebur zuwa tebur, kowane tebur da mai shan shayinsa, har aka sa ranar rusau. Haji ya riga mu sanin ranar.

Ana gobe za a zo sai ga maginin Haji. A gaban ɗakin gilashin ya tayar da wani siririn bango, bulo a kan bulo, da laka maimakon siminti. Duk mai shago a garinmu ya san wannan bangon, ni ne kawai ban san shi ba. Bango ne da ake ginawa don a rushe, kamar ragon da ake turkewa don baƙi. Washegari 'yan rusau suka iso da gudumomi da ɗan sanda da mai ɗaukar hoto. Aka kawo musu shayi da alewar madara daga shagon. Suka tura bangon, ya zube tun kafin guduma ta gama sauka. Haji ya dafe kai, aka ɗauke shi hoto.

Khala ta tari shugabansu, wani mai gashin baki rinanne.

"Ɗana, wannan bangon jiya aka haife shi."

"Khala, mu abin da ya fi shigowa hanya muke rushewa. Haka doka ta ce."

"To in na zo na tsaya a gaban shagon gobe, ni za ku rushe?"

Ya yi dariya, ya goge alewa daga gashin bakinsa, suka tafi. Kafin la'asar an kwashe bulon an jera a bayan shago, ana jiran wata ƙarar. A takardun hukuma kuwa an rubuta cewa an buɗe hanya.

Na ce mata mu tafi kotu. Ta dube ni yadda ake duban mai zazzaɓi.

"Kafin alƙalinka ya gama goge tabarau, an naɗe ni kamar Siraj."

Ba ta sake tayar da maganar ba har sanyi ya shigo, lokacin da bukukuwa ke cika gari, iyayen amare kuma ke cika shagon Haji. Wata safiya ta je wurin ladan ta ce a ara mata makarar masallaci.

"Wa ya rasu, Khala?"

"Ba kowa tukuna. Gwaji zan yi."

Masu shiɓar audugar da take aiki da su ne suka ɗauko mata. Suka shigar da makarar a gicciye har ƙofarta, sannan suka saɓa ta a kafaɗa, a miƙe, yadda ake ɗaukar mutum. Tana biye da su da kujerarta da bargon da take ɗinki. A kwanar Haji makara ta maƙale, kai a jikin gilashi, ƙafa a jikin bangon maƙwabci.

"Ku sauke ta nan," in ji Khala. Ta zauna a gefe ta zura zare a allura.

A wurinmu ba uwar da za ta tsallaka makara ta shiga sayen rigar auren 'yarta. Matan suka riƙa sauka daga a-daidaita, su hango, su ja mayafi su koma. Haji ya fito yana murza carbi da sauri.

"Khala, ki ji tsoron Allah, lokacin biki ne."

"Shi nake ji, Haji. Shi ya sa nake duba hanyar zuwa wurinsa."

Abin da ya yi daga nan ya fi komai ba ni dariya: ya kai ƙara hukuma cewa an tare masa hanya. Mai gashin baki ya zo, wannan karon ba jinkiri. Ya zagaya makarar daga nesa, ya ce wannan ba gini ba ne, ba ya cikin aikinsu. Yaransa ma ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Ladan kuwa cewa ya yi in an yi rasuwa a unguwa, a zo nan a ɗauka, in an gama a mayar.

Ba a cika mako ba magini ya dawo, da guduma ta gaske. Ya sare ginshiƙin kwana, ya ja gilashin baya. Haji na tsaye a kansa, yana sa a gwada da makarar bayan kowane sara, kada a ba hanya ko faɗin yatsa fiye da abin da gawa ke bukata. Da ta wuce, aka tsaya. Matakala tana nan, rumfa tana nan, gumaka sun ɗan matsu kawai.

Rannan da yamma na same ta tana cusa auduga a bargo, na tambaye ta abin da ke raina.

"Khala, da ya ƙi sarewa fa?"

Ba ta ɗago ba. "Da na aika an ɗauko mini matashin kaina. Ai dama ban gwada kwanciya a cikin makarar ba."