Dattijo Mai Neman Robar Taga

A shagon kayan gini, wani dattijo yana tsaye gaban kanta riƙe da zare mai ƙulli huɗu. Gajere ne, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli a kafaɗa, tabarau ya zamo masa kan hanci. Zaren nan shi ne awon tagoginsa.

Mai shagon ta miƙo masa robar da ake liƙawa a bakin taga don tare iska. Yana matsa ta da yatsa, yana ɗaga ta sama kamar mai zaɓen zinari.

"Ba ki da wadda ta fi kauri, 'yata?"

Ta kawo. Tana kallonsa, zuciyarta ta riga ta zana gidan: tsohuwa mai ciwon gwiwa, gadonta a gindin taga, da mijin da ba ya jure jin tarinta. Har ta tuna nata mijin, wanda tagarsu ta shekara tana kaɗawa, shi kuma kullum sai gobe.

"Baba, Mama ta yi sa'ar miji. Sanyi ba zai ƙara taɓa ta ba."

Ya ɗago, ya gyara tabarau.

"Wane sanyi? Ita ko a firji gumi take yi. Maƙwabta ne, 'yata. Jiya ina fitowa, mai wanki ya gaishe ni da sunan da take kirana in ranta ya ɓaci."

Ya sake matsa robar, ya yi ajiyar zuciya.

"Ƙaro min ta ƙofa ma."